Hannun da Ya Biya: Masu Zanen Zariya da Waɗanda Suka Sayi Aikinsu

Masu ba da labarin asalin ƙasar Hausa suna cewa Gunguma, ɗaya daga cikin 'ya'yan Bawo ɗan Bayajidda, shi ya fara sarautar Zazzau. Zance ne na kaka da kakanni, babu takardar zamaninsa da ta iso gare mu. Haka nan labarin Bakwa Turunku, da jerin sarakunan Zazzau ke sanya zamanin sarautar wajajen 1536, har ma ana saɓani ko namiji ne ko mace. An ce 'ya'ya mata biyu aka bari, Amina da Zariya, kuma sunan ƙaramar ne ya bi birnin bayan an taso daga Turunku da Kufena. Ita kanta Amina, da kowane ɗan firamare ya san sunanta, masana ba su daidaita a kan ƙarninta ba. Littafin tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, ruwayar Zazzau kuwa ta kai ta ƙarni na 16. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ganuwa. Wanda ya shiga ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana yana iya ganin abin da ya rage nata da idonsa.

Dubban hannaye ne suka kwaɓa ƙasar ganuwar nan, amma ba a riƙe sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Ganuwar Amina ake cewa, a nan da wasu garuruwan. Tsohon tarihi haka yake tafiya: wanda ya sa aiki ya ciyar da ma'aikata shi ake tunawa, mai aikin kuwa a binne shi da sunansa. A ƙarni na 20 sai al'amarin ya juye. Yau duk wanda ya karanta tarihin zanen zamani a Najeriya ya san sunayen samarin da suka yi karatu a Zariya tsakanin 1957 da 1961, amma da wuya ka ji an tsaya an tambayi wa ya fara sayen zanensu, wa ya ba su bangon ratayewa, wa ya adana takardunsu lokacin da ba su da wata daraja a idon jama'a. Amsar wannan tambaya ce ke bayyana yadda aka yi fitattun ayyukan da aka zana a Zariya suka ƙare a wasu garuruwa da wasu ƙasashe.

A 1808, bisa lissafin da yawancin masana suka ɗauka, Malam Musa ya shigo birnin da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarkin Haɓe na ƙarshe, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa zuwa wajen Zuba, kuma a 1828 ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da aka kira Abuja. Wannan reshe na gidan Zazzau zai sake fitowa a gaba. A birni kuwa sarauta ta koma tana zagayawa tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Sarki na uku bayan jihadi, Abdulkarimu na gidan Katsinawa, ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, kuma a zamaninsa aka gina babban masallacin Juma'a na ƙofar fada. Magininsa Muhammadu Durugu ne, wasu su ce Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da Babban Gwani. Ga wuri guda da sunan mai aiki ya tsira tare da na wanda ya sa shi. Da tubali da azara da jar ƙasa ya ɗaga manyan ginshiƙai, ya ɗaura musu bakan gizo, ya rufe su da tulluwa, sannan ya ƙawata jikinsu da zane mai tudu da kwari da aka fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Wanda bai taɓa ɗora ƙasa a kan azara ba ba zai gane wahalar rufe fili mai faɗi irin wannan babu ƙarfe babu siminti ba. An ce bayan ya gama, Sarkin Birnin Gwari ya ɗauke shi ya yi masa irinsa, da aiki ya kammala sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Ba a da shaidar wannan a rubuce daga zamanin, kuma ɗaliban Larabci sun san makamancinsa a labarin Sinimmar, maginin da aka ce Sarki Nu'umanu ya jefo daga saman fadar da ya gina masa. Ko ba gaskiya ba ne, labarin ya nuna yadda mutane suke kallon dangantakar gwani da ubangidansa: shi ke ciyar da shi, shi kuma ke da iko da ƙarshen aikinsa. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin cikin wani sabo na zamani. Kafin nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi sashe-sashe, kuma da wannan awo aka tayar da kwafinsa a gidan tarihi na Jos.

Ba gini kaɗai fada take biya ba. Babbar riga ita ce kyautar sarakuna, da ita ake naɗi, da ita ake sallamar baƙo, da ita ake saka wa bara. Kafin allura ta taɓa saƙi ko tsamiya, akwai malamin da ke zama da alƙalami da tawada ya fitar da zanen a jikin ƙyallen: aska biyu ko aska takwas, tambari, dagi, gidan biyar. Daga nan sai maɗinka, da yawansu almajirai, su bi layinsa wata da watanni. Wannan malami mai zane ne cikakke, yana da ma'auni a ido, yana da salon da abokan sana'a ke gane hannunsa da shi. Sai dai zare yana rufe layin nasa, riga ta tafi da sunan mai ita. Saboda haka kada wani ya ce Turawa ne suka kawo zane Zariya. Sun tarar da shi, a jikin bango da jikin tufa da bakin allon zayyana.

A 1902 sojojin Ingila suka kama birnin. Aka tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu Ɗansidi a 1903. Cikin shekara goma layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano, wani reshe kuma ya nufi Jos. Auduga da gyaɗa suka samu hanyar fita, Sabon Gari da Tudun Wada suka tashi a wajen ganuwa, Samaru ta zama wurin binciken aikin gona. Kuɗi suka shiga hannun mutanen da ba 'yan sarauta ba: fatake, dillalai, 'yan kwangila, ma'aikatan En'e. Su ma suna son a san sun samu. A da adon bango ya fi yawa a cikin soraye da ɗakunan manya, yanzu sai ya fito fuskar zaure inda mai wucewa zai gani. Magina suka riƙa fitar da dagi da takobi da zanko, daga baya suka ƙara da keke da agogo da mota da jirgin sama, da ƙasa da makuba tun farko, sannan da siminti da fenti. Abin ya kai Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo, ya fitar da ɗan littafi a 1963 a kan gidajen Zariya masu ado, wani Bajamushe kuma, Friedrich Schwerdtfeger, ya yi shekaru yana bibiyar maginan da masu gidajen.

Wannan ciniki na birni yana da rauni guda. Attajiri ya biya magini da kyau, amma abin da ya saya ba ya ciruwa daga bango. Ba a sayar da shi daban, ba a raba shi a gado, kuma in aka yi damina biyu uku ba a yi yaɓe ba sai ya zube. Riga ma sawa ake yi har ta mutu. Mutumin birni yana sayen kyakkyawan abu don ya yi amfani da shi a gan shi da shi. Sayen abu a ajiye don kawai hannun wane ne ya yi shi, wannan bai shiga al'adar kashe kuɗinsa ba, in ka ɗebe littattafan malamai, waɗanda su kam ana adana su ana gadonsu. Ga kuma hukuncin surar abu mai rai, wanda a gari mai malamai irin Zariya ba ƙaramin abu ba ne. Hotunan zane da yara suka fara sabawa da su sun shigo ne ta littattafan makaranta irin Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Amma a rataye hoton mutum da aka zana da fentin mai a zaure, a kuma biya kuɗi masu yawa a kansa, wannan babu mai yi.

Akwai mutum guda a gidan Zazzau da ya saɓa wa wannan, kuma ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, jikan waɗancan Haɓe da suka bar birni a 1808, wanda ya hau sarauta a 1944, yana tara tukwanen da matan Gwari ke ginawa yana ajiye su a gidansa don kyansu. A 1950 gwamnati ta turo wani Baturen maginin tukwane, Michael Cardew, ya zagaya ƙasa ya ga inda ya dace a kafa wurin koyar da ginin tukwane na zamani. A gidan Sarki ya ga aikin wata mata daga Kwali mai suna Ladi. Aka kafa makarantar a Abuja, Ladi Kwali ta shige ta a 1954, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna sana'arta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta na bayan takardar naira 20. Kowa ya san Ladi, masu karatu sun san Cardew. Sarkin da ya fara ganin tukunyarta ta fi ƙarfin ɗiban ruwa, ya saya ya ajiye, an fi tuna shi da cewa daga sunansa aka samo Suleja, sunan garin nasa a yau.

Zanen zamani, na ƙyalle da buroshi da firam, ta Legas ya shigo. Aina Onabolu ne ya fara shi tun farkon ƙarni, ya kuma matsa wa gwamnati har ta kawo malamin zane, Kenneth Murray, a 1927. A 1953 aka buɗe sashen koyar da zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya reshen Ibadan, a 1955 aka ɗauke shi aka maido shi reshen Zariya, a Samaru, wurin da ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malaman kusan duk Turawan Ingila ne, manhajar ma tasu ce: awon jikin mutum, haske da inuwa, tarihin zanen Turai tun daga Girka. A cikinsu akwai 'yar ƙasa guda, Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta yi karatu a Landan.

A watan Oktoba na 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da Okechukwu Odita da wasu. Daga baya aka laƙaba musu 'yan tawayen Zariya, ko da yake tawayen bai wuce na tattaunawa da karatu da aikin hutu ba. Suna yin abin da malamai suka sa su a aji don su ci jarrabawa, in an tashi kuma kowa ya koma neman abin da kakanninsa suka bari. Ra'ayin da Uche Okeke ya tsara musu a 1960 shi ne a karɓi kayan aiki da dabarun Turai, a haɗa su da gadon gida, har abin ya zama na mai shi. Shi ya koma wa uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma wa tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya riƙe rayuwar Yarbawan Legas. Babu Bahaushe a cikinsu, amma Arewa ta shiga idonsu. Okeke yana da zanen da ya kira Jumaa, na 1961. Nwoko ya zana mabarata a cikin jirgin ƙasa, ya kuma yi wani na jami'an Turawa zaune fuska a kode, dakarunsu baƙaƙe na tsaye a bayansu, yana nuna halin da ake ciki shekara guda kafin a sauke tutar Ingila. Akwai kuma Jimo Akolo, ɗan Egbe, wadda a lokacin tana cikin Jihar Arewa. Ya fito daga kwalejin gwamnati ta Keffi inda wani malami, Dennis Duerden, ya fara lura da hannunsa. Abokinsu ne na kusa, amma bai yarda ya ɗaure kansa da aƙidar ƙungiyar ba, kuma shi ya fi kowa zana makaɗa da mahaya da hawan salla.

To, wa zai saya? Tsakanin Samaru da Ƙofar Doka tafiyar kilomita goma sha wani abu ce, amma ta fuskar ciniki babu hanya ko kaɗan. Fadar Sarki Ja'afaru, da ta Sarki Muhammadu Aminu da ya gaje shi a 1959, tana da maginanta da maɗinkanta da makaɗanta. Attajiran birni suna da nasu. Ɗalibin da ya gama zane sai ya jingine shi a ɗakin kwana, in ya yi sa'a wani malami ko ma'aikacin gwamnati Bature ya ba shi 'yan fam ya ɗauka.

Mutum biyu ne suka buɗe ƙofar, dukansu daga kudu suka zo. Na farko Michael Crowder, saurayi ɗan Ingila da aka haifa a 1934, editan mujallar gwamnati mai suna Nigeria Magazine daga 1959. Da aka zo shirin baje kolin bikin samun mulkin kai a Legas a 1960, ragamar sashen zane ta faɗo hannunsa. Maimakon ya tsaya ga manyan da aka riga aka sani irin su Ben Enwonwu, sai ya kira ɗaliban Zariya, waɗanda ko takardar gamawa ba su karɓa ba. Okeke da Nwoko da Onobrakpeya suka yi zanen bango a rumfar nunin sana'o'in hannu, aka rataye ayyukansu da na abokansu kusa da na manya. Crowder yana da ɗan zauren nuni a titin Marina, yana kuma da shafukan mujalla, duka biyun ya buɗe musu. Daga baya shi ma ya zo Arewa, ya koyar da tarihi a Kano, ya shugabanci cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1970. Yau an fi saninsa da littafinsa na tarihin Najeriya.

Na biyu shi ne Ulli Beier, Bajamushe, Bayahude ta wajen uba, an haife shi a 1922, iyayensa suka gudu da shi Falasɗinu a zamanin Hitila. Ya zo Ibadan koyarwa a 1950, ya kafa mujallar Black Orpheus a 1957. Ya ga aikin samarin Zariya ya yi rubutu a kansu a 1960, yana cewa a nan ne sabon abu yake fitowa, a lokacin da sauran masu sharhi ba su ma san da su ba. A 1961, shekarar da ƙungiyar ɗaliban ta watse don sun gama karatu, shi da Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da wasu suka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan, Okeke da Nwoko na cikin waɗanda aka fara da su. A nan aka yi musu nuni, Mbari ta buga littafin zane-zanen Okeke, aka kuma kawo ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda ya gina zanensa a kan harafin Larabci da allon makaranta. Beier ne ya shirya tarukan koyon buga zane a takarda da wani ɗan Holan, Ru van Rossem, ya jagoranta, kuma daga nan Onobrakpeya ya kama hanyar da ta zama sana'arsa ta rayuwa. Bayan duk wannan, Beier yana saye. Yana sayen zane da ɗan abin da malamin jami'a ke samu, yana ajiye takardu da hotuna da wasiƙu, a lokacin da hukumomin Najeriya suka fi damuwa da tsofaffin kayan tarihi na Nok da Ife da Benin.

Ba waliyyi ba ne. Bayan 1962 hankalinsa ya koma Osogbo, inda ya fi son masu zanen da ba su shiga makaranta ba, kuma waɗanda suka sha wahalar karatu a Zariya ba su ji daɗin yadda aka riƙa nuna wa duniya cewa wancan ne zanen Afirka na ainihi ba. Yana rubutu da sunayen Yarbawa na aro, har ya zama wani lokaci shi ne mai saye, shi ne mai nunawa, shi ne kuma mai yabo da wani suna. Kuɗin da Mbari ta riƙa samu daga wata ƙungiyar raya al'adu mai hedikwata a Faris, an gano a 1966 da 1967 cewa hukumar leƙen asirin Amurka ce ke zuba su ta bayan fage, abin da masu zanen ba su sani ba. Duk da haka, in aka cire Beier da Crowder daga shekarun 1960 da 1961, da wuya a ga ta inda sunan ɗaliban nan zai fita daga Samaru da wuri haka. A Legas kuma wata Ba'amurkiya, Jean Kennedy Wolford, ta riƙa buɗe falon gidanta duk ranar Alhamis a shekarun 1960 don masu zane su kawo aiki baƙi su saya.

Sai 1966 ta zo. Kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa a watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba sun kori ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas daga Zariya, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Simon Okeke ya rasu a 1969 a cikin yaƙin. Beier ya bar ƙasar a ƙarshen 1966, kayansa suka bi shi, kuma a 1981 ya kafa gidan Iwalewa a Jami'ar Bayreuth ta Jamus, inda tarin nasa ya zama harsashi. Shi kansa Uche Okeke mai tarawa ne. Tun 1958 ya fara ajiye zane da littattafai a Kafanchan, abin da ya zama cibiyar Asele, amma ita ma ta bar Arewa ta ƙare a Nimo, garin iyayensa.

A 1967, ana cikin wannan hali, wani Baturen Ingila mai suna David Heathcote ya zo koyar da tarihin zane a Samaru, ya zauna har 1979. A ganina shi ne aka fi mantawa da shi a duk labarin nan, kuma shi ne ya yi abin da sauran ba su yi ba: ya bi hanyar nan ta kilomita goma sha wani abu ya shiga birni. Ya zauna da maɗinka da masu zanen riga da dukawa da masu sassaƙar ƙwarya, a Zariya da Kano da wasu garuruwa. Ya tambayi sunan kowane ɗinki da kowane zane ya rubuta. Ya sayi riguna da wanduna da huluna, ya kuma sayi abin da ba wanda ya taɓa ɗauka kayan sayarwa ne, wato takardun da masu zanen riga ke gwada hannu a kansu kafin su hau ƙyalle. Ya bibiyi masu zanen bango na sabon salo, irin su Musa Yola, waɗanda ke aiki da fentin kanti a gidaje da shaguna, ya ambace su da sunansu a matsayin masu zane, a zamanin da littattafan Turai ke rubuta "aikin Hausawa" kawai a ƙarƙashin hoto. Digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shi, a kan ɗinkin tufafin Hausawa. A 1976, cikin babban bikin nuna al'adun duniyar Musulmi da aka yi a Landan, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a cibiyar Kwamanwel, ya fitar da littafi a kai. Daga baya tarin nasa ya shiga gidan tarihi na Birtaniya.

Ana iya jin haushin wannan, kuma da dalili. Jikan maɗinkin da ya yi rigar sai ya nemi biza kafin ya ga aikin kakansa. Amma gaskiya ɗaya ce, da an bar takardun nan a zaure da tuni gara ta cinye su ko an ƙunshe ƙosai da su, don babu wata hukuma ko attajiri a lokacin da ke neman su. Gidajen da Kirk-Greene ya ɗauki hotonsu ma da yawa an rushe su an yi na bulo da kwano, kuma ba Bature ne ya rushe su ba.

Sashen zane na Samaru bai mutu ba. Ya fitar da Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, da Jerry Buhari da ɗaruruwan wasu, har da 'ya'yan Hausawa da yawa a wannan karo. Kasuwar dai ba ta matso ba. A 1998 hukumar adana zane-zane ta ƙasa ta yi wa ƙungiyar 1958 babban nuni na cika shekara arba'in. Masu tara zane 'yan ƙasa sun fito, su Rasheed Gbadamosi da Sam Olagbaju da Yemisi Shyllon, wanda ya ba da kayansa aka buɗe gidan nuni da sunansa a wata jami'a a Legas a 2019, amma duk can suke. A 2018 aka yi gwanjon zanen Tutu na Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2, farashin duk tsaransa da na bayansa ya ɗaga. A 2023 aka ba Demas Nwoko babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Banis a Italiya.

Jimo Akolo shi ne wanda ya zauna. Bayan ƙarin karatu a Landan da Amurka ya dawo Samaru a tsakiyar shekarun 1960, ya yi kimanin shekara talatin yana koyar da malaman zane, yana kuma zana mahaya da makaɗa yana ajiyewa. A 1960 Beier ya lissafa shi tare da Okeke da Nwoko a sahun gaba. Amma su sun koma inda masu saye da masu rubutu suke, shi yana nesa da su, sai sunansa ya yi ta ja baya a littattafai har wasu suka riƙa tsallake shi. Sai a 2022 wani zauren nuni a Legas ya tattara aikinsa na shekara fiye da hamsin ya baje, yana da shekara tamanin da wani abu. Ya rasu a 2023. Zanensa na mahayan Fulani, na 1962, mallakar gidan tarihi na Bristol ne a Ingila, daga can aka aro shi lokacin da gidan Tate na Landan ya buɗe babban nunin zanen zamani na Najeriya a watan Oktoba na 2025.